Mu Ba Ma Yar da Kwalbar Turare

A unguwarmu, idan kana son sanin gidan da ake shirin biki, ba sai ka jira katin gayyata ba. Yaran gidan za ka duba. Duk ranar da ka ga yarinya tana bin gida-gida da 'yar leda a hannu, tana sallama tana cewa, "Wai in ji Mama, idan da kwalaben turaren da suka ƙare a taimaka mata," to an sa rana ke nan. Kuma ban taɓa ganin gidan da yarinyar ta fito hannu rabbana ba. Wata za ta jawo durowar madubi, wata ta sauko da tsohuwar samira daga saman kabad, wata ta zazzage aljihun jakar da ta je Makka da ita. Ko'ina kwalabe ne, dogaye da gajeru, farare da masu ruwan ƙasa, masu murfi ruwan zinariya da waɗanda murfinsu ya ɓata tun bara. Turaren ya ƙare tuntuni, kwalbar kuwa tana nan tana jiran ranarta.

Haka muka taso, haka muka ga iyayenmu suna yi. Gwangwanin madara ya zama ma'aunin gishiri, a da ma fitilar aci-balbal ake yi da shi. Kwalbar Bama idan ta ƙare, ko yaji ya shiga ko turaren wuta. Tsohuwar taya ta zama takalmi ko guga, gwangwanin lemo ya narke ya dawo tukunyar dalma. Abin da ya shigo gidan Bahaushe da sunan mazubi sai ya yi aiki biyu ko uku kafin ya ga bola. Kwalbar turare kuwa ta fi su duka gata, domin ita ba a ajiye ta a madafa ko bayan ɗaki. A gaban madubi take zama, kusa da kwalli da sarƙa.

Asabar ɗin da ta wuce muka taru a gidan Hajiya Babba, saboda bikin 'yar maƙwabciyarmu ya rage mako shida, kuma uwar amarya ta ƙudura cewa duk wadda ta zo kamu sai ta koma da 'yar kwalbar humra a jaka. Tun da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, aka jawo baho biyu, aka zazzage ledojin da yara suka tattaro. Hajiyar Maiduguri ce za ta haɗa humrar, don ita ce gwanarmu. Goggo ta zo da 'yar kujerarta, Sista ta biyo daga aikin dare ko gida ba ta shiga ba, ga kuma Autar Hajiya Babba da ke karatun kimiyyar sinadarai a jami'a.

Goggo ce ta fara, kamar kullum. Ta ɗaga wata 'yar siririyar kwalba ta ce, "Wannan ai Bintu Sudan ce. Da ita aka kai ni ɗakin miji. Ku 'yan yanzu me kuka sani? Ɗan Goma da Ɗan Duwala da Bintu Sudan, su ne turare."

Hajiyar Maiduguri ta ce, "Goggo, yaushe Bafulatana ta san turare? Ku da kuka saba da ƙamshin man shanu? Mu muka koya muku."

"Ji min Babarbariya! Ba don nononmu ba, da me za ku sha fura?"

Aka yi dariya, don wasan Fulani da Barebari ba ya tsufa. Amma Goggo ba ta yi ƙarya ba game da kwalbar da ke hannunta. Wani kamfanin Ingila ne ya haɗa Bintu Sudan a shekarun 1920, kuma an daɗe ana yin sa a nan Kano. Turare ne na mai, ba na fesawa ba, shi ya sa ya karɓu a wurinmu, ya kuma zama ɗaya daga cikin abubuwan da mata ke tsiyayawa cikin humra da turaren wuta. 'Yar kwalbarsa ta ratsa gidaje tun daga Sudan har Nijar da Kamaru, kuma da wuya ka sami tsohuwar da ba ta taɓa wanke ɗaya ta zuba wani abu a ciki ba.

Kafin a taɓa ruwa, Hajiya Babba ta ce a ware. Ta zauna tana ɗaukar kwalabe ɗaya bayan ɗaya, tana ɗagawa sama ta duba a hasken rana, tana shafa bakin da ɗan yatsa, sannan ta kai hanci. Wadda ta tsage, gefe. Wadda bakinta ya gutsure, gefe, don za ta yanki mai shafawa, kuma murfi ba zai zauna ba. Wadda babu takarda a jikinta kuma hanci bai gane abin da ta taɓa ɗauka ba, ita ma gefe.

Uwar amarya ta ce, "Hajiya, kar mu yi asara da yawa fa. Ɗari biyu nake nema."

"'Yata, gara ki raba ɗari da hamsin masu kyau, da ki raba ɗari biyu wata ta koma gida wuyanta ya yi ƙuraje tana ambaton sunanki."

Waɗanda suka tsallake aka jera su daidai da girmansu. A nan ne Auta ta tambayi abin da ya sa masu turare ke cewa tola da rabin tola. Hajiyar Maiduguri ta ce haka ta ji ana faɗa a Makka da Dubai, haka kuma ta riƙe. Tola dai ma'auni ne na mutanen Indiya, nauyinsa ya ɗan haura giram 11 da rabi, da shi suke auna zinariya da turare mai tsada. Masu sayar da madarar turare sun mayar da shi mililita 12, rabinsa 6, kwatansa 3. Waɗannan su ne 'yan kwalaben da alhazai ke cika jaka da su a matsayin tsaraba, su ne kuma suka fi yawa a tabarmarmu ran nan.

Wata yarinya ta ɗauki kwalba za ta tsoma a baho, sai Hajiyar Maiduguri ta riƙe hannunta. "Tsaya, 'yar nan. Ba ki ga ɗigon da ya rage a gindinta ba? Wannan wardi ne." Ta kife kwalbar a kan ɗan ƙullin auduga, ta jingine ta da bango. Ta ce idan ya gama tsiyaya, audugar za ta shiga akwatin zannuwa, ta yi wata da watanni tana aiki. Wanda ya yi kauri ya ƙi saukowa, irin su sandal da udu, sai a ɗiga masa ɗan man zaitun ko man kwakwa, a girgiza, a shafa a jiki. Wanda kuma ya dace da hayaƙi, a tsiyaye shi a kan turaren wuta kafin a ɗora a kasko.

Ba rowa ce ta sa take haka ba. Wanda ya san yadda ake samun man wardi na ainihi ba zai wanke ɗigonsa ya bi rariya ba. Sai an tsinki fure fiye da tan 3 kafin a tace kilo 1 na mansa, kuma da sassafe ake tsinka kafin rana ta kwashe ƙamshin, ko a Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya, ko a Turkiyya, ko a Bulgeriya. Udu kuwa daga cikin itacen da ya kamu da cuta yake fitowa, a dazuzzukan Indiya da Kambodiya da maƙwabtansu, bayan itacen ya shafe shekaru yana tara ƙaro. Ko da wanda ke hannunmu haɗin kamfani ne ba na ainihi ba, kuɗi aka sa aka saya, kuma almubazzaranci ba halin kirki ba ne.

Sannan aka shiga aikin da ya fi cin rai, wato raba kowace kwalba da kayanta. Akwai mai ɗan toshin roba a baki wanda ke sa mai ya riƙa fitowa ɗigo-ɗigo. Akwai mai 'yar ƙwallo da ke birgima a kan fata. Akwai mai ɗan tsinken gilashi manne da murfi. Akwai kuma mai kan roba da ake matsawa a zuƙo. Da bakin cokali ake ɓanɓaro su a hankali, a tara su a kwano daban.

Hajiya Babba ta shinshina wata kwalba da aka ce an taɓa wanke ta, ta yamutsa fuska. "Kun ji ko? Har yanzu kanumfari take yi. Ni dai na sha faɗa muku, kwalba ba ta mantuwa. Abin da ta fara ɗauka, da shi za ta mutu."

Auta ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, gilashi yana mantuwa. Murfin ne ba ya mantawa."

"To malama, karanta mana."

Auta ta ce gilashi daga yashi da farar ƙasa da wani gishiri mai kama da kanwa ake yin sa, a narka su a wutar da zafinta ya kai wajen digiri 1,500. Idan ya daskare ba ya da ƙofofin da mai zai shige ya ɓuya, ƙamshin a saman jikinsa kawai yake manne. Roba ce mai shan ƙamshi. Man kanumfari, da na na'a-na'a, da na ɓawon lemo, suna ratsa roba su zauna a cikinta, wani lokaci har su sa ta yi laushi ko ta kumbura. Shi ya sa kamfanoni ke zuba irin waɗannan mayuka a gilashi tun farko. Ta cire murfin, ta ba Hajiya shi daban, kwalbar daban. Hajiya ta shinshina wannan, ta shinshina wancan, ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah Ya yi miki albarka. Kuɗin makarantar nan bai tafi a banza ba."

Daga nan aka yanke shawara: duk toshin da ya riƙe wari, da duk kan robar da ya yi danƙo, a zubar. Sababbin murafe da toshe ana samun su a wurin masu sayar da kayan haɗa turare a kasuwar Sabon Gari, kuma kuɗinsu bai kai ɓacin humra guda ba.

Wankin kansa ba a yin sa da gaggawa. Ruwa mai ɗumi aka zuba, ba tafasasshe ba, don gilashi mai sanyi idan ya gamu da tafasasshen ruwa farat ɗaya yana iya tsagewa, balle 'yan ƙananan nan masu kaurin gindi. Aka zuba sabulun wanke-wanke na ruwa, aka nutsar da kwalaben har suka daina kumfar iska. Ruwa zalla ba ya fitar da mai, ko shekara za a yi ana ɗauraya, domin mai da ruwa ba sa ga maciji. Sabulu ne ke shiga tsakani ya kamo man ya miƙa wa ruwa.

Da suka jiƙa, sai aka ga dabarun gida. Goggo tana zuba ƙwayoyin ɗanyar shinkafa kaɗan a ciki da ɗan ruwan sabulu, ta toshe baki da babban yatsa, ta girgiza har sai gindin ya yi haske. Ta ce a rugarsu da yashi mai laushi suke wanke gora, dabarar ɗaya ce. Uwar amarya tana naɗa auduga a kan tsinken tsintsiya tana bin lungunan kafaɗar kwalba. Yara kuma aka ba su tsohon buroshin haƙori suna goge zaren bakin, wurin da murfi ke murɗawa, don nan ne tsohon mai ke daskarewa ya yi baƙi.

Waɗanda suka ƙi jin sabulu, irin masu tsohon udu da ya zama kamar ƙaro, Sista ta fito musu da sifirit na kemis. Ta ɗiga kaɗan a kowace, ta girgiza, ta bar shi ya ɗan jima, sai ga danƙon ya narke ya fito ruwan ƙasa-ƙasa. Kafin ta buɗe robar sai da ta sa aka ɗauke kaskon turaren wuta aka kai ɗaki, ta ce sifirit da garwashi ba sa zama wuri ɗaya, ko tururinsa yana kama wuta. Ta kuma ce a bar shi nesa da yara, don guba ne idan aka sha.

Goggo ta ce ita dai zuciyarta ba ta kwanta da sifirit ba a kan abin da za a shafa a yi salla. Hajiyar Maiduguri ta ce wannan ba abin jayayya ba ne, akwai hanyar da iyayenta ke bi: a zuba ɗan man gyaɗa ko man ridi, a bar shi ya kwana. Mai shi ke narkar da ɗan'uwansa mai. Da safe a tsiyaye, a bi da sabulu sau biyu. Ya fi ɗaukar lokaci, amma inda aka nufa nan ake isa.

Takardar jiki ma da man ake rabuwa da ita. Bayan jiƙo takan saluɓe da kanta, sai gam ɗin ya rage yana kama ƙura. A shafa masa mai, a barbaɗa ɗan toka, a murza da tsumma, sai kwalba ta fito sumul kamar yau aka sayo ta.

Wajen cire takardar nan ne maganar Baba mai turare ta taso, dattijon da ke zama da akwatin gilashinsa a ƙofar masallacin Juma'a. Maigidan Hajiya Babba ne ya kawo labarin daga zaure, ta cikin labule. Ya ce Baba yana karɓar tsofaffin kwalabe daga hannun abokan cinikinsa, yana cika wa mutum tasa idan ya zo da ita, har ya rage masa kuɗin kwalba. Amma abu ɗaya ne ba ya yi: ba ya zuba turarensa a kwalbar da ke ɗauke da sunan wani kamfani sai ya kankare sunan. Ya ce akwai masu bin bola suna tsintar kwalaben turaruka masu tsada da kwalayensu, su cika da haɗin banza, su sayar da sunan na ainihi. Wannan ba tattali ba ne, algus ne, kuma wanda ya sayar musu da kwalbar da takardarta yana sane ya taya su.

Hajiya Babba ta ce, "Alhaji, ka gaya wa Baba mun ji, kuma mu ma haka muke yi." Ta juyo gare mu ta ce, "Kun ji dai. Kwalba ta halatta, sunan wani bai halatta ba."

Aka ɗauraye da ruwa mai tsabta har sau uku, aka kife su a kan tire da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle, aka kai rana. Uwar amarya ta so a fara ɗurawa da yamma. Hajiyar Maiduguri ta ce ko kusa. "Ƙanwata, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata miki aikin wata guda. Humrar da na jiƙa da farce da sandal da miski, in zuba ta a kan ruwa? Za ta yi gajimare, ƙamshinta ya juya." Ta ce yau su wuni a kife, gobe a juyo bakinsu sama a rufa musu ƙyalle mai shara-shara saboda ƙura, su sake wuni. Jibi a rufe kowace da sabon murfinta, ta kwana. Idan aka buɗe da safe hanci bai ji komai ba, ta wanku. Idan ya ji, ta koma baho.

Wata matashiya ta ce to me ya sa ake shanya kwalba a rana, alhali kullum ana cewa kar a bar turare a rana? Auta ta ce ai don babu komai a ciki ne. Haske da zafi da iska su ne maƙiyan man ƙamshi, su ke sa ya tsufa ya canza. Wannan ne dalilin da ya sa man habbatussauda da na kanumfari da na na'a-na'a ke zuwa a kwalba mai ruwan ƙasa ko shuɗiya, duhun gilashin yana tare hasken. Man ɓawon lemo shi ya fi saurin lalacewa, kuma idan ya tsufa yakan sa fata ƙaiƙayi. Saboda haka tsohon da ya rage a gindin kwalba, idan aka zuba sabo a kansa ba a wanke ba, shi zai ja sabon ya lalace. Masu ruwan ƙasan nan, in ji ta, kar a ɓata su da abin da bai damu da haske ba, a ajiye su don man darbejiya ko haɗin man gashi.

A nan ne Sista ta ajiye abin da ke hannunta. Muryarta ta sauya, duk muka yi tsit.

"Iyayena, yayyena, akwai maganar da nake so ku riƙe. Duk abin da muka yi yau mai kyau ne. Amma a ɗakin yara na asibiti, abin da muke gani daga kwalba ba kaɗan ba ne. Kananzir a robar lemo. Fiya-fiya a kwalbar maganin tari. Yaro ya ga mazubin da ya saba sha a ciki, ya kafa kai. Uwar ba mugunta ta yi ba, tattali ta yi, amma ba ta rubuta ba, ba ta kuma ɗaga sama ba."

Ta ce doka biyu take roƙon mu da su. Ta farko, kwalbar da ta taɓa ɗaukar fiya-fiya, ko maganin ɓera, ko maganin feshin gona, ba ta da wanki. Ba sabulu, ba sifirit, ba rana. Ba ta komawa gaban madubi, balle madafa. Ta biyu, kwalbar turare ba ta ɗaukar abin da za a kai baki. Kar a zuba zuma a ciki, kar a zuba maganin jariri, kar a zuba tofi ko rubutu, kar a zuba abin ɗigawa a ido ko kunne. Abin shafawa ya koma wa abin shafawa.

Goggo ta ce, "To 'yata, ai waɗannan mayukan daga itatuwa suke. Kanumfari fa, wanda muke sawa a kunu?"

"Goggo, ƙwaya biyar a tukunyar kunu daban, man da aka tace daga tulin kanumfari daban. Man bishiyar turare da muke shaƙa idan mura ta kama mu, wanda bai cika cokalin shayi ba yana iya sa ƙaramin yaro suma ko jijjiga. Kafur ma haka. Kuma don Allah, idan tsautsayi ya faɗa, kar a ɗura wa yaro manja ko madara, kar a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Aman ne ke kai abin cikin huhu. A ɗauke shi a tafi asibiti, a tafi da kwalbar a hannu don mu ga abin da ya sha."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Hajiya Babba ta aika aka sayo salatif na takarda da alƙalamin da ba ya gogewa. Ta ce daga yau duk kwalbar da ta fita daga gidan nan da sabon abu a cikinta, sai da sunansa da watan da aka zuba, da boko ko da ajami, yadda mai ita za ta iya karantawa.

Da la'asar ta yi, saura tarin da aka ware gefe. Waɗanda ake zargin sun taɓa ɗaukar guba aka ƙulle su a leda biyu, aka ba maigida ya kai inda yara ba sa kaiwa. Masu tsaga da gutsurarren baki kuma aka tara su a kwali, aka ajiye wa 'yan jari-bola, aka rubuta a jiki cewa gilashi ne, don kar yaron da zai ɗauka ya yanke. Gilashi ba ya ruɓewa a ƙasa, amma ana iya narka shi a sake ƙera wani sau ba adadi, ingancinsa bai ragu ba. A Bida ta ƙasar Nufe, mutanen unguwar Masaga sun gaji sana'ar narka kwalabe suna yin duwatsun wuya da awarwaro, kuma sana'o'in hannu irin wannan ne suka sa hukumar UNESCO ta saka birnin cikin jerin biranen fasaha a 2021. A Gana ma, mutanen Krobo suna daka kwalba ta zama gari, su zuba a 'yan mazuban yumɓu su gasa, ta fito tsakiya mai launi-launi. Wata sarƙar da ke wuyan amarya, da za a bi asalinta, kwalba ce da wani ya ƙi jefarwa a kwata.

Goggo ta ce kafin kwalba ta yawaita, a tandu ake ajiye turare da kwalli, ɗan mazubin fata da dukawa ke yi, kuma mace takan riƙe nata har ta bar wa 'yarta. Ta ce abin da ya sauya mazubi ne kawai, riƙon bai kamata ya sauya ba.

Na dawo gida hannuna yana ƙamshin turaruka goma, ina tuna yadda tire ya cika da kwalabe suna ƙyalli a rana. Ɗari da sittin da huɗu muka samu. Kowace za ta shiga jakar wata mata, ta je wata unguwa, ta ƙare, wata yarinyar ta sake zuwa neman ta da 'yar leda. Wannan ɗabi'a tamu abin alfahari ce, tun kafin a fara yi mana wa'azin tsabtace muhalli a rediyo muke yin ta. Abin da ya rage mana shi ne mu cika ta: tattalin da babu tsabta da lura a cikinsa yana iya komawa asara mafi girma daga wadda aka guje wa.

'Yar'uwa, idan kin tashi gobe, jawo durowar madubinki. Ki ware, ki tsiyaye, ki wanke da sabulu, ki bar rana ta yi aikinta, ki sauya murfi, ki rubuta abin da kika zuba, ki ɗaga sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wadda ta taɓa ɗaukar guba kuma, ki rabu da ita har abada. Allah Ya sa albarka a abin da muke adanawa, Ya tsare mana zuri'a.